Wa Zai Tsaya Masa? Sana'a da Rayuwa Bayan Gidan Horo a Barnawa

Mutanen Kaduna sun san Barnawa da kasuwa, da jerin shaguna, da gidajen cin abinci da ba sa rufewa da wuri. Tana cikin 'yan unguwannin da Musulmi da Kirista suka ci gaba da zama ƙofa da ƙofa bayan rikicin 2000 da na 2002 sun raba garin, wasu suka tattara suka koma arewacin kogi, wasu kudu. Amma a wannan unguwa akwai wasu gidaje biyu na gwamnatin tarayya da babu iyalin da ke so a ji cewa ɗansu yana ciki. Na farko shi ne gidan horar da kangararrun matasa, wanda aka fi sani da Bostal, da aka kafa a 1962. Na biyu Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya, da ya fara aiki a 1975, inda ake duba masu taɓin hankali da waɗanda shaye-shaye ya ci ƙarfinsu. Ka gota kaɗan zuwa Kakuri, ga buɗaɗɗen sansanin fursunoni. Ka kama hanyar Kachia, ga gonar fursunoni ta Kujama. Da wuya a sami wani yanki a Arewa da ya tara wuraren gyaran ɗan Adam kamar wannan.

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan gidaje, in da sauran kwana, wata rana zai fito. Ranar fitowar an san yadda take: a yi addu'a, uwa ta share hawaye, 'yan uwa su zo barka. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne kwanakin da ke biyo baya, lokacin da kowa ya watse wurin nemansa aka bar shi a ɗaki, ba aiki, ba sisi a aljihu, ga tsofaffin abokai sun fara leƙowa. A waɗannan makonni na farko ne gyaran ke kamawa ko ya warware. A ganina mun fi ba da ƙarfi ga koyar da sana'a a bayan katanga, alhali wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne samun wanda zai karɓi mutumin a shagonsa, da wanda zai tsaya masa.

Tsarin Bostal gadon Turawa ne. A 1902 aka fara shi a wani ƙauye kusa da garin Rochester a Ingila, bisa tunanin cewa saurayin da ya yi laifi bai kamata a cuɗa shi da riƙaƙƙun masu laifi ba. Gara a ware shi, a ba shi tarbiyya da karatu da sana'a. Ingila ta soke tsarin a 1982, mu kuma muka riƙe shi. Dokar da ta kafa namu ta tanadi wurin ne domin matasa 'yan shekara 16 zuwa 21, kuma an shafe shekaru masu yawa uku ne kacal a duk faɗin Najeriya: na Kaduna, na Ilori da na Abeokuta. A na Barnawa akwai ajin karatu har zuwa jarrabawar kammala sakandare, akwai kuma ɗakunan koyon sana'a irin su kafinta, ɗinki, walda da wayarin. Ba duk yaran ciki ne aka kama da sata ko sara ba. Da yawansu iyaye ne suka gaji, suka bi ta kotu aka kai su, saboda ƙwaya ko ƙin jin magana.

Girman wannan buƙata ya fito fili a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, yara da manya, wasu da mari a ƙafa, wasu da shatin bulala a baya. An rufe gidan, an rufe irinsa a Daura da Katsina da wasu garuruwa, kuma rufewar daidai ce. Sai dai damuwar da ta sa iyaye suka kai 'ya'yansu can tana nan ba ta tafi ba. Har yau suna neman inda za su kai yaro ya dawo mutum, wuraren gwamnati kuwa ba su isa ba.

A wannan shekara ta 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya. Mutane da yawa sun ɗauka suna kawai aka sauya, amma akwai abubuwa masu nauyi a cikinta. Ta ɗora wa hukumar alhakin ba ɗaurarru ilimi da sana'a. Ta ce kuɗin da aka samu daga aikin hannunsu a kasa shi uku, kashi ɗaya nasu, ɗaya na ci gaba da tafiyar da sana'ar, ɗaya na asusun gwamnati. Ta ce a samar da gidan Bostal na maza da na mata a kowace jiha. Sannan ta kawo takardar shaidar kyakkyawan hali, wadda za a ba wanda ya nuna ya gyaru, ta kuma hana a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda zaman da ya yi. A rubuce doka ce mai kyau ƙwarai. A aikace kuwa, da wuya ka sami mai shago a kasuwar Barnawa da ya taɓa jin labarin wannan takarda, balle ya san abin da ta wajabta masa.

Akwai wani giɓin da ya fi wannan girma. Mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na ƙasar nan sun kai kimanin 80,000, kuma kusan biyu cikin kowane uku jiran shari'a suke yi. Mai jiran shari'a galibi ba ya cikin tsarin koyon sana'a, tunda ba a yanke masa hukunci ba, ba a kuma san ranar fitarsa ba. Sai ya yi shekara biyu ko uku a zaune, in an sallame shi ya fito ba abin da ya ƙaru da shi, abin da ya bari a waje kuma ya lalace: shago an ba wani, babur an sayar an biya lauya. A idon unguwa kuwa babu bambanci tsakaninsa da wanda aka kama dumu-dumu. Musulmi da Kirista duk mun san labarin Annabi Yusuf, wanda ya yi zaman kurkuku ba da laifinsa ba, ya fito aka damƙa masa taskokin Masar. Muna ba yaranmu labarin, amma idan ɗan maƙwabci ya dawo daga irin wannan zama ba ma ko tambayar yadda shari'arsa ta ƙare.

Shin koyar da sana'ar ma yana da amfani, ko dai cika lokaci ne kawai? Inda aka zauna aka auna, an ga amfaninsa. A 2013 cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta tattara binciken shekaru masu yawa kan karatu a gidajen yari, ta gano cewa waɗanda suka shiga aji yiwuwar komawarsu kurkuku ta ragu da kashi 43 cikin 100 idan aka gwada su da waɗanda ba su shiga ba. Waɗanda suka koyi sana'a kuma damarsu ta samun aiki ta ƙaru da kashi 28. Kowace dala ɗaya da aka kashe a kan karatun ta hutar da gwamnati kashe dala 4 zuwa 5 wajen sake ɗaure mutum. A nan gida ma, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, tana koyar da ɗaurarru kyauta, har hukumar UNESCO ta ba hukumar gidajen yarin Najeriya lambar yabo ta yaƙi da jahilci a 2018 saboda wannan shiri.

Dalilin bai da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa zama a shago. Sana'a tana cinye yini, tun daga sharar safe har rufe ƙofa, kuma wanda ya wuni yana yankan katako ba shi da ƙarfin yawon dare. Tana sauya abokan zama. Tana kawo ɗan abin sayen sabulu ba tare da an miƙa hannu ba, abin da ke dawo wa saurayi da mutuncinsa a gaban ƙannensa. Mafi girma duka, tana sauya sunan da ake kiran mutum da shi. Ranar da unguwa ta daina cewa "yaron nan da ya dawo daga Bostal" ta koma cewa "mai waldan nan na bakin titi," an ci rabin yaƙin.

Sai dai Amurka ba Kaduna ba ce, kuma Kadunar yau ba ta 1962 ba ce. Lokacin da aka kafa gidan Bostal, masaƙar KTL ta Kakuri shekararta biyar, wadda gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa a 1957 da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. A tsakiyar shekarun 1960 masaƙun Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya fara aiki a 1975. A lokacin, dubban mutane ne ke kwarara Kakuri kowace safiya, daga Makera, Nasarawa, Barnawa da Tudun Wada. A wancan zamani wanda ya iya riƙe sifana ko ɗaura waya yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma masana'anta mai ɗaukar ɗaruruwa ba ta da lokacin bin asalin kowa. KTL ta rufe a 2002, zuwa 2007 kusan duk manyan masaƙun sun tsaya. Tsarin horon da aka gina domin ya ciyar da masana'antu ya wayi gari masana'antun babu su.

Yau, bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a ofis ko kamfani mai tsarin albashi suke ba. Suna rumfar kafinta, garejin makanike, shagon tela, teburin gyaran waya, ko bayan Keke Napep. Ke nan wanda zai ba tsohon ɗaurarre dama a Kaduna ba manajan wani kamfani ba ne. Maigidan shago ne a Panteka, ko a Kakuri, ko a Television, ko a Sabon Tasha. Shi kuwa maigidan shago yana da nasa tsarin ɗaukar yaro, wanda ya girmi duk wata doka ta Abuja.

Ɗauki saurayi ɗan shekara 20 da ya fito daga gidan horo ya iya walda. Ya wanke rigarsa, ya nufi bakin titi inda wani ke da rumfar ƙera ƙofofi da tagogi. Ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "Maigida, aiki nake nema, na iya walda." Maigidan ba zai tambaye shi takarda ba. Zai miƙa masa guntayen ƙarfe biyu da sandar walda ya ce haɗa mu gani, kuma cikin minti biyar ya san ko hannun yaron ya faɗa. Daga nan sai tambayoyi: "Ɗan gidan wa ne kai? A wurin wa ka koya? Wa zai tsaya maka?" Ta biyun ce ke tona asiri, ta ukun ce ke rufe ƙofa. In ya faɗi gaskiya sai a ce masa, "To, Allah ya kyauta gaba, ka dawo wani makon," kuma dukansu biyun sun san ba wani makon. In ya ɓoye, zai zauna kullum cikin fargabar ranar da wani ɗan unguwarsu zai zo wucewa ya gane shi. Uban da ya kamata ya riƙo hannunsa ya ce "ga ɗana nan, amana," wataƙila shi ne ya kai shi kotu, kuma har yanzu zuciyarsa ba ta huce ba.

Bai kamata a yi saurin zargin maigidan ba. A rumfar nan akwai injin walda, da janareta, da giranda, da ƙarfen mutanen da suka riga suka ba da kafin alƙalami. Duk jarinsa ke nan, ba inshora, ba banki a bayansa. In abu ɗaya ya yi ƙafa shi zai biya, in kuma 'yan sanda suka shigo maganar shi ma sai ya yi bayanin dalilin da ya sa ya ajiye mai tabo a shagonsa. Wataƙila ma an taɓa ƙwace wa ɗansa waya da wuƙa a hanyar dawowa daga makaranta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Idan ya ce maka hali zanen dutse ne, kada ka ɗauka mugunta ce ke magana. Tsoron asara ne, kuma asarar tana faruwa. Wa'azi shi kaɗai ba zai cire masa wannan tsoro ba. Wanda ke son ƙofar ta buɗe, sai ya ɗauke wa mai ƙofar wani ɓangare na kasadar.

Wannan ƙyama ba tamu ce mu kaɗai ba. A 2003 wata masaniyar zamantakewa, Devah Pager, ta wallafa gwajin da ta yi a birnin Milwaukee na Amurka, inda ta tura matasa neman aiki da takardu iri ɗaya, bambancin kawai wasu sun ce sun taɓa zaman gidan yari. A cikin farar fata, waɗanda aka sake nema sun faɗo daga kashi 34 zuwa 17. A cikin baƙar fata, daga 14 zuwa 5. A nan ma gwamnatin da ke roƙon 'yan kasuwa su yafe ba ta fara da kanta ba, domin ƙa'idojin aikin gwamnati sun hana ɗaukar wanda kotu ta taɓa kamawa da laifi sai da izini na musamman.

Maganar takardar shaida ma tana buƙatar tunani. Takardar da ke ɗauke da tambarin gidan horo a samanta tana faɗin abu biyu a lokaci guda, cewa mutum ya koyi sana'a da cewa an taɓa tsare shi, kuma na biyun ne mai karantawa ke riƙewa. Abin da ya fi amfani shi ne ɗaurarre ya zauna jarrabawar da kowa ke zama, irin gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ko jarrabawar NABTEB, ya fito da takarda irin ta kowa. A wannan fanni Kaduna ta yi sa'a, domin hedikwatar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a garin take. Farfesa Idris Bugaje, tun yana shugaban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kafin ya koma jagorancin NBTE a 2021, ya yi ƙoƙarin haɗa masu sana'ar tsohuwar Panteka da kwalejin, domin a auna ƙwarewar da suka samu a bakin aiki a ba su shaida. Hanyar da aka share wa yaron Panteka, babu abin da ya hana ta ratso kogi ta iso Barnawa.

Sai batun rabon kayan aiki, wanda shi ne abin da hukumomi da 'yan siyasa suka fi so, domin yana kyau a hoto. A jera kekunan ɗinki da injinan walda, a kira 'yan jarida, a miƙa. Niyyar mai kyau ce, kuma akwai waɗanda suka tashi da ita. Amma keken ɗinki ba ya biyan hayar shago, injin walda ba ya aiki sai da wuta, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kunna janareta ya zama babban lissafi. Wanda bai da rumfa, bai da kwastoma, bai da abincin dare, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne ya kai injin kasuwa ya sayar a rabin kuɗinsa. Sai a ce ai dama ba su gyaru ba.

Wani bincike da aka yi a nan Afirka ta Yamma ya haska wannan wuri sosai. A Monrovia, babban birnin Laberiya, masu bincike uku, Christopher Blattman, Julian Jamison da Margaret Sheridan, sun yi aiki da matasa 999 da ke rayuwar titi, masu sata, masu sayar da ƙwaya, da tsofaffin mayaƙan yaƙin basasa. Ta hanyar ƙuri'a aka kasa su huɗu: wasu aka ba su dala 200, wasu aka sa su zaman gyaran tunani na mako takwas, wasu aka haɗa musu duka biyun, wasu ba a ba su komai ba. Masu jagorantar zaman mutane ne da su ma suka taɓa irin wannan rayuwa suka bar ta. Abin da ake koyarwa kuwa ƙananan abubuwa ne: yadda ake danne fushi, yadda ake tsara gobe, yin aski, sa tufafi masu tsabta, shiga banki a yi magana da ma'aikaci ba tare da jin cewa ana kallon mutum ba. Yawancin waɗanda aka ba kuɗi ba su ɓarnatar da shi a ƙwaya ba, sun sayi abinci, sun kama ɗaki, sun fara 'yar sana'a. Amma kafin shekara ta zagayo ribar kuɗin zalla ta gushe. Waɗanda aka haɗa wa zaman da kuɗin su ne canjinsu ya ɗore, har bayan shekara goma aka tarar laifi da tashin hankali a cikinsu sun ragu da kusan rabi. Jari na da muhimmanci, amma sai ya tarar da zuciyar da aka shirya, da mutanen da ke bibiya.

Wannan ya fi shafar masu fitowa daga asibitin Barnawa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. A shekarar ce aka hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Likita zai iya wanke jiki daga ƙwaya cikin makonni, amma sha'awarta tana daɗewa, kuma zaman banza ne ke farkar da ita. Sai dai a nan ba kowane aiki ne magani ba. Wanda ya rabu da sholisho bai kamata a kai shi shagon takalma ko na kujeru inda gam ke buɗe yini guda ba. Wanda ya rabu da tiramol, in aka tura shi lebura ko tuƙin Keke da balas mai nauyi a kansa, an mayar da shi daidai inda da yawa suka fara sha domin su jure gajiya. Zaɓen sana'a ga irin wannan mutum aiki ne da ya kamata likita da iyaye da maigidan shago su zauna a kai tare.

Mata kuwa an fi mantawa da su. Wancan bincike ya nuna ɗaya cikin kowane huɗu na masu shan ƙwaya mace ce, amma a wuraren jinya ɗaya ce cikin ashirin. Gida ya gwammace ya ɓoye ta. In ta fito daga tsare ko jinya, sau da yawa aure ya mutu, 'ya'ya an karɓe, kuma uwar ɗakin da za ta koya mata ɗinki ko kitso tana tsoron abin da kwastomominta za su ce.

To wa zai tsaya musu? Akwai ƙasashen da suka mayar da tsayawar aikin hukuma. Tun 1966 Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ke da shirin da ke ba mai ɗaukar tsohon fursuna lamuni kyauta: in ma'aikacin ya yi sata ko zamba cikin wata shida na farko, za a biya asarar har dala 5,000. Masu gudanar da shirin sun ce kusan kashi 1 cikin 100 ne kacal aka taɓa neman a biya. Wannan adadi shi kansa amsa ne ga mai cewa ba sa gyaruwa. A Ingila, kamfanin Timpson, wanda sana'arsa gyaran takalma da yankan makulli ce, yana koyar da ɗaurarru tun suna ciki, kuma kusan ɗaya cikin goma na ma'aikatansa tsofaffin fursunoni ne. A watan Yuli na 2024 aka naɗa shugabansa, James Timpson, ministan gidajen yari. A lura da sana'ar: makullin gidajen mutane ake damƙa wa wanda ya taɓa zaman kurkuku, kamfanin kuma bai durƙushe ba.

Irin wannan asusun lamuni bai fi ƙarfin Kaduna ba. Kuɗin da za a ajiye domin a tsaya wa matasa ɗari na wata shida bai kai na bikin rabon kaya guda ɗaya ba, kuma mafi yawansa ba za a taɓa shi ba. Tun watan Maris na 2023, da aka gyara kundin tsarin mulki, harkar gyaran hali ta shiga jerin abubuwan da jihohi ke da ikon yi wa doka, don haka gwamnatin jiha ba ta da uzurin cewa aikin tarayya ne. Tana sayen kujerun makarantu, da ƙofofi, da kayan sawa na ma'aikata. Za ta iya ware wani kaso na wannan ciniki ga shagunan da suka karɓi yaran Bostal. Hukumar Gyaran Hali za ta iya barin wanda ya kusa fita ya riƙa zuwa shagon maigidansa da rana a watannin ƙarshe, yadda ranar sallama zai fito ya tarar da wurin zuwa. Ƙungiyoyin makanikai da teloli da kafintoci sun san membobinsu ciki da bai, sun san wane maigida ne mai haƙuri, wane ne zai mayar da yaro bawa ba ko sisi. Wannan na ƙarshen abin lura ne, domin ba mutum dama ba lasisin cin guminsa ba ne.

Masu hannu da shuni ma suna da rawar takawa, kuma sun riga sun fara. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin ɗaurarru 4,068 bayan an biya musu tara ta naira miliyan 585 da aka tara daga gudummawa. Kowane azumi attajirai da ƙungiyoyi kan yi irin wannan a garuruwanmu, majami'u ma suna yi lokacin Kirsimeti. Aikin lada ne babba. Roƙona shi ne kada ya tsaya a bakin ƙofar gidan yari. Wanda ya biya wa mutum tara ya ƙara tambaya ɗaya: ina zai kwana, wurin wa zai yi aiki? Kwamitin zakka na masallacin unguwa da kwamitin taimako na coci za su iya zama masu tsayawa ga wanda danginsa suka juya wa baya, liman ko fasto ya taka da ƙafarsa ya raka shi shago.

Ku kuma iyayen gida masu shaguna, daga Panteka har kasuwar Barnawa, ba a ce ku miƙa makullin sito ranar farko ba. Ku gwada shi da shara da aike kamar kowane sabon yaro, ku biya shi haƙƙinsa, ku ajiye sirrinsa daga sauran yaran shago, ku nemi lambar wanda za ku kira in kun ga alamar zamewa. Wasu za su ba ku kunya, wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye muku ba. Amma da yawa ba za su ba ku ba. In irin wannan yaro ya zo gabanku ya haɗa ƙarfen kuka ga hannunsa ya faɗa, kada ku ce ya dawo wani makon. Ku ce ya zo gobe da safe, tare da wanda zai tsaya masa.